Idan karayar ƙafa ta yi mugunya amma gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba

Makonni kaɗan bayan an yi wa mai karaya tiyata an saka masa ƙarfe a ƙwauri, sai ƙafar ta kumbura, bakin ɗinkin ya buɗe, mugunya ta fara tsiyaya. A ɗebi ruwan ciwon a kai ɗakin gwaje-gwaje, bayan kwana biyu ko uku takarda ta dawo da taƙaitaccen sakamako: babu abin da ya tsiro. Majinyaci da danginsa sukan ɗauki wannan a matsayin bushara, wasu ma har su nemi sallama. A wurin likitan ƙashi kuwa aiki ne ya ƙaru, domin ciwon yana nan a gabansa, abin da ya rasa kawai shi ne sunan ƙwayar da ke haddasa shi.

Wannan yanayi sananne ne a fagen tiyatar ƙashi, musamman a buɗaɗɗiyar karaya, wato wadda rauni ya ratsa fata da tsoka har ƙashin da ya karye ya haɗu da iska da ƙasa. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, rashin tsirowar ƙwaya a gwaji ba ya wanke ciwo daga zargi. Jinkirin da rashin fahimtar haka ke jawowa yakan kai ga ƙashi ya ƙi haɗewa, ko gyambo ya zauna shekara da shekaru, ko ma a rasa ƙafar baki ɗaya.

Abin da ya sa ƙwauri ya fi shiga haɗari

A cikin dogayen ƙasusuwan jiki babu wanda ya kai ƙashin ƙwauri yawan buɗaɗɗiyar karaya. Duk wanda ya shafa gaban ƙwaurinsa zai ji dalili: fata ce kawai ta lulluɓe shi a nan, babu tsokar da za ta tare duka. Tsoka ita ce ke kai jini mai yawa, jini kuma shi ke ɗauke da dakarun garkuwar jiki da maganin da aka sha ko aka yi allurarsa. Inda jini ya yi ƙaranci, ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama.

Hatsarin hanya ne kan gaba wajen jawo irin wannan karaya, musamman ga masu babur da masu tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, yayin da tsakanin miliyan 20 zuwa 50 ke jin rauni. A Najeriya irin waɗannan majinyata ne ke cika sassan ƙashi na asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da kuma Inugu.

A shekarar 1976 likitoci biyu a birnin Minneapolis na Amurka, Ramon Gustilo da John Anderson, suka wallafa nazarin buɗaɗɗun karaya 1,025, suka kasa su mataki uku, kuma da wannan rabon ake aiki har yau. Mataki na farko rauni ne mai tsabta da bai kai santimita 1 ba. Na biyu ya fi haka faɗi amma naman bai lalace sosai ba. Na uku shi ne wanda nama ya dagargaje ko ƙazanta ta yi yawa. A 1984 aka sake raba na ukun gida uku: wanda sauran nama zai iya rufe ƙashin, wanda sai an yi dashen tsoka da fata, da wanda babbar jijiyar jini ta tsinke. A matakin farko kamuwa da cuta ba ta cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma a mafi munin mataki na uku rahotanni sun kai har kashi 50.

Yadda gwajin yake, da inda yake kuskure

Gwajin da aka saba yi raino ne. Ana shimfiɗa abin da aka ɗebo daga ciwo a kan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye shi a ɗumi irin na jikin mutum, a jira su hayayyafa har ido ya gan su. Daga nan a gane jinsinsu, a gwada magunguna a kansu domin sanin wanda ke kashe su. Ke nan gwajin ba ya nuna ƙwayar da ke cikin ƙafa, sai wadda ta iso faranti da rai kuma ta yarda ta tsiro a can. Tsakanin ƙashi da faranti akwai wurare da dama da za a iya rasa ta.

Babban dalili shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da majinyaci ya sha kafin a ɗauki samfur. Ƙwayoyi kaɗan na irin wannan magani sun isa su raunana bakteriya ta yadda ba za ta tsiro a faranti ba, alhali ba su isa su kawar da ita daga ƙashi ba. A ƙasashen da ake sayen waɗannan magunguna a kemis ba tare da takardar likita ba, kamar yadda ake yi a Najeriya da maƙwabtanta, da wuya mai ciwon da ya yi mugunya ya iso asibiti bai haɗiyi kafso ba. Sau da yawa ma ba ya ambatawa, ko don bai san sunan abin da aka ba shi ba, ko don gudun faɗan likita.

Dalili na biyu shi ne halayyar ƙwayoyin a jikin ƙarfe da mataccen ƙashi. A nan ba sa yawo cikin ruwa. Mannewa suke yi, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, kamar yadda gansakuka ke kama jikin randa. A cikin wannan lulluɓi sukan rage ci da haihuwa, magani ba ya ratsa su sosai, garkuwar jiki ba ta cim musu, kuma ruwan da ke tsiyaya daga ciwon ba lalle ya ɗauko su ba. Tun a 1957 Elek da Conen suka nuna a Landan cewa zaren ɗinki guda ɗaya a cikin fata yana rage adadin Staphylococcus aureus da ake buƙata don haddasa maruru da ninki kusan 10,000. Idan zare ya yi haka, ana iya kwatanta abin da farantin ƙarfe da kusoshi za su yi. Ita wannan ƙwayar ce aka fi samu a cututtukan karaya.

Na uku shi ne yadda aka ɗauki samfurin. Tsinken auduga da aka goga a bakin ciwo yakan kwaso mazauna fata ne, ko ya dawo ba komai, domin ainihin cutar tana can ƙasa kusa da ƙashi. Samfurin da ya daɗe a kan hanya ko ya bushe kafin a shuka shi ma asara ne. Akwai ƙwayoyin da iska ke kashewa, waɗanda sai an sa su a mazubi na musamman nan take.

Na huɗu shi ne haƙuri. Galibin bakteriya kan tsiro cikin kwana biyu, amma wasu, irin su Cutibacterium acnes, kan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Idan an zubar da faranti a kwana na uku, sai a rubuta cewa babu komai. Ƙwayar tarin fuka da danginta, da nau'o'in funfuna da ke shiga rauni daga ƙasa, galibi ba a kama su a farantin yau da kullum. Suna buƙatar nasu abincin, kuma rainon ƙwayar tarin fuka kan kai makonni shida zuwa takwas. Matuƙar likita bai nemi a yi waɗannan gwaje-gwaje ba, ɗakin gwaji ba zai yi su ba.

Ma'anar da aka amince da ita a 2018

Shekaru da yawa babu matsaya ɗaya a kan abin da za a kira cutar karaya. Kowane asibiti da ma'auninsa, abin da ya hana a kwatanta sakamakon wani wuri da na wani. A 2018 wani ayarin ƙwararru na ƙasa da ƙasa, da goyon bayan Gidauniyar AO ta Suwizalan da Ƙungiyar Turai ta Cututtukan Ƙashi da Gaɓoɓi, ya fitar da ma'ana a mujallar Injury. Ya raba alamomi gida biyu: masu tabbatarwa da masu jawo zato.

Masu tabbatarwa huɗu ne, kuma ɗaya kaɗai ta wadatar. Ta farko, rami ko buɗewar rauni da ya kai ga ƙashi ko ƙarfe. Ta biyu, mugunya da ke fita daga raunin ko wadda aka tarar lokacin tiyata. Ta uku, ƙwaya iri ɗaya ta tsiro daga samfura aƙalla biyu da aka ɗebo daban-daban daga can ciki. Ta huɗu, a ga ƙwayoyin cuta a cikin naman da aka yanko idan an duba shi da madubin likita. Daga baya aka ƙara cewa a ciwon da ya daɗe, yawan wasu fararen ƙwayoyin jini a cikin naman shi ma hujja ne.

Abin lura shi ne, biyun farko ba su dogara da ɗakin gwaji ba. Ƙafar da ke tsiyayar mugunya daga ramin da ya kai ga ƙarfe ta kamu, ko faranti ya tsiro ko bai tsiro ba. Sauran alamomin, irin su ja, kumburi, zafi, zazzaɓi, ciwon da ke ƙaruwa, kusoshin da suka yi sako-sako a hoton ƙashi, ƙashin da ya ƙi haɗewa, ko hauhawar ma'aunan kumburi a gwajin jini, zato kawai suke jawowa. Suna wajabta ƙarin bincike, amma ba sa yanke hukunci, domin ita kanta karaya da tiyata kan haddasa wasunsu ba tare da cuta ba. Haka ma ƙwayar da ta tsiro a samfur ɗaya tak, tana iya zama baƙuwar da ta faɗo daga fata.

Yadda ake rage kuskuren

Shawarar ƙwararru ita ce a ɗauki samfura aƙalla biyar a ɗakin tiyata, daga naman da ke manne da ƙashi da ƙarfe, kowanne da nasa kayan aiki masu tsabta, a sa su a mazubai daban-daban, a kai su da gaggawa. A tura wani yanki domin dubawa da madubi. Idan lafiyar majinyaci ta ba da dama, likita kan dakatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon makonni biyu kafin ranar, domin ƙwayoyin su farfaɗo a kama su. Wannan hukunci ne na likita shi kaɗai. Wanda cuta ta shiga jininsa, yana rawar ɗari, numfashinsa na sauri ko hankalinsa ya fara gushewa, ba a jira da shi: a ɗebi jini domin gwaji, a fara magani nan take.

Akwai sababbin dabaru. Ɗaya ita ce a sa ƙarfen da aka cire cikin ruwa, a kaɗa shi da sautin da kunne ba ya ji har yauƙin ya saki, sannan a raini ruwan. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Asibitin Mayo na Amurka ya nuna wannan ya fi rainon nama kama ƙwaya a gaɓoɓin ƙarfe na ƙugu da gwiwa, musamman ga waɗanda suka sha magani kwanan nan. Wata dabarar ita ce neman ƙwayar halittar gado ta bakteriya kai tsaye, wadda ake samu ko da bakteriyar ta mutu. Sai dai tana da tsada, takan kamo gurɓata, kuma galibi ba ta faɗin maganin da zai yi aiki. Wani nau'inta da ya riga ya yaɗu a Najeriya shi ne na'urar GeneXpert ta gano tarin fuka, wadda ke ba da amsa cikin sa'o'i.

Magani ba tare da sanin sunan ƙwayar ba

Tushen maganin cutar karaya tiyata ce, ko an gano ƙwaya ko ba a gano ba. Likita zai buɗe wurin, ya yanke duk mataccen nama, ya cire ƙashin da jini ba ya kaiwa, ya wanke. Babu maganin da ke isa ƙashin da ya mutu, don haka barinsa a ciki daidai yake da barin tushen cutar.

Sai batun ƙarfe. Karayar da ke motsi ba ta haɗewa, kuma motsin yana ciyar da cuta gaba. Saboda haka idan cutar ta bayyana da wuri, ƙarfen yana riƙe da kyau, kuma ana iya rufe raunin, akan bar shi har ƙashi ya haɗe. Idan ta daɗe ko ƙarfen ya saki, sai a cire shi a sauya, wani lokaci da ƙarfen da ake kafawa daga waje. Gurbin da ya rage akan cike shi da siminti na musamman mai ɗauke da magani irin su jentamaisin, wanda ke tsatsafowa a wurin da ƙarfin da allura ba za ta kai ba. Inda ƙashi mai tsawo ya tafi, ana amfani da dabarar Gavriil Ilizarov na birnin Kurgan a Rasha, ta jan ƙashi milimita ɗaya a rana har sabo ya cike gurbin, ko ta Alain Masquelet na Faransa, ta dashen ƙashi a zango biyu.

Wajen zaɓen magani ne rashin suna ke ciwo. Dole likita ya yi hasashe bisa ƙwayoyin da aka fi samu a asibitinsa, da inda raunin ya faru, da magungunan da majinyaci ya riga ya sha. Yakan haɗa wanda ke kashe dangin Staphylococcus, irin su bankomaisin, da wanda ke kashe dangin bakteriyar hanji da ta ruwa. Yawanci akan yi makonni shida idan an cire ƙarfe, ko goma sha biyu idan an bar shi. Wani babban gwaji na Birtaniya mai suna OVIVA, da aka wallafa a 2019 kan mutum 1,054, ya nuna cewa a cututtukan ƙashi da gaɓoɓi maganin sha bai gaza na allura ba: magani ya ci tura a kashi 13.2 na masu sha, da kashi 14.6 na masu allura. Sai dai zaɓen maganin sha ya fi sauƙi idan an san ƙwayar.

Wani nazari daga asibitocin Boston a 2016 ya gano cewa kusan kashi 9 cikin 100 na cututtukan da suka biyo bayan saka ƙarfe a karaya ba su tsirar da komai ba, kuma sakamakon jinyarsu bai bambanta sosai da na waɗanda aka gano ƙwayarsu ba. Darasin fuska biyu gare shi. Rashin suna ba ya hana warkewa idan an yi aikin da ya kamata, kuma ba ya nufin ciwon ya fi sauƙi.

Amma maganin hasashe yana da farashi. Magunguna masu faɗin aiki sun fi tsada, sun fi taɓa ƙoda da hanji, kuma suna horar da ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Wani nazari a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye sakamakon bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan an kwatanta da yawan jama'a. Maganin rifamfisin, wanda ke ratsa yauƙin Staphylococcus, shi ne kuma ginshiƙin maganin tarin fuka, don haka ba a ba da shi shi kaɗai ko bisa zato.

Sa'o'in farko

Akwai wurin da ake yawan ruɗewa. Maganin da ke ɓata gwaji bayan makonni, shi ne wanda ke ceton ƙafa a ranar hatsari. Binciken Patzakis da Wilkins na 1989 kan buɗaɗɗun karaya 1,104 ya nuna kamuwa da cuta kashi 4.7 ga waɗanda aka yi wa allurar magani cikin sa'o'i uku, da kashi 7.4 ga waɗanda aka jinkirta. Ƙa'idar likitocin ƙashi na Birtaniya ta nemi a yi allurar cikin sa'a ɗaya, a wanke rauni a ɗakin tiyata cikin sa'o'i 12 idan hatsarin mai ƙarfi ne, nan take idan ƙazantar gona ko ta kwata ta shiga, sannan a rufe ƙashin da nama cikin sa'o'i 72. Ana kuma duba allurar tetanus. Wannan magani na rigakafi gajere ne, na 'yan kwanaki, ba a jan sa makonni.

Wankin ma ba ya buƙatar wani abu mai tsada. Gwajin FLOW na 2015, wanda ya shafi majinyata 2,447, ya nuna cewa waɗanda aka wanke musu rauni da ruwan gishirin asibiti zalla sun fi waɗanda aka sa wa sabulu tsira daga sake tiyata, kashi 11.6 a kan kashi 14.8.

A nan ne al'adar fara kai mai karaya wurin masu ɗori ke zama haɗari idan akwai rauni. Ɗaure buɗaɗɗen ciwo da karare da tsumma, ko shafa masa wani haɗi, yana rufe ƙazanta a ciki, yana cinye sa'o'in da ba sa dawowa, kuma ɗauri mai tsanani kan tare jini har nama ya mutu.

Abin da ke hannun majinyaci da danginsa

Karayar da jini ke fita a kanta, ko da ramin ƙarami ne, ta asibiti ce a take. A rufe ta da ƙyalle mai tsabta, a tallafe ƙafar, kada a tura ƙashin ciki. Bayan tiyata, idan rauni ya fara tsiyaya, ko ja da zafi na ƙaruwa, a koma wurin likitan da ya yi aikin kafin a biya kemis. Wanda ya riga ya sha wani abu ya tafi da kwalin ko fankon, ya faɗi ranar da ya fara da ranar da ya daina, domin da wannan bayanin likita zai fassara sakamakon gwaji. Barin taba da daidaita sukari ga mai ciwon sukari suna taimaka wa ƙashi ya haɗe.

Idan kuma takarda ta dawo babu abin da ya tsiro, akwai tambayoyin da ya halatta a yi cikin ladabi: daga ina aka ɗebi samfurin, guda nawa ne, kwana nawa aka raine shi, kuma an nemi tarin fuka da funfuna? Idan tsinken auduga ne aka goga a bakin ciwo bayan mako guda ana shan kafso, takardar ba ta faɗi komai game da abin da ke jikin ƙashi ba, kuma likita na iya neman a sake gwajin a ɗakin tiyata.